Sitabalaizar baya ta Toyota 86: milimita 16 ko 18?

Abu Walid, Jidda:
Assalamu alaikum mutanen gida. Tambaya gare ni ga masu sanin ƙarfe. Toyota 86 ce ƙirar 2017, giyar hannu, sifirin da shoka duk na kamfani, taya 215/45 R17. A kwana mai tsawo, da an ɗan ƙara wuta sai hancinta ya riƙa turawa waje, sai an ƙara murza sitiyari kafin ta bi. Shawarar da ake ta ba ni ita ce a canza sitabalaizar baya, wato sandar ƙarfen da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama don rage karkatar mota a kwana, wadda a warsha suke ce wa amudut tawazun. Akwai guda biyu a kasuwa, mai kaurin milimita 16 mai ramuka uku na saita tauri, da mai milimita 18. Kuɗinsu kusan ɗaya. Wacce zan ɗauka? Kuma aikin gida ne ko sai warsha?

Ɗan Rusaifa:
Wa alaikumus salam. Tunda kuɗin ɗaya ne ai ba sai an yi shawara ba, ɗauki 18. Milimita biyu ne kawai tsakaninsu.

Usta Mai Sifana, Sana'iyya:
A'a ƙanena, wannan lissafin shi ke kai mota bayan shinge. Sandar nan murɗawa take yi, kuma taurin ƙarfen da ake murɗawa ba ya bin kauri ɗaya bayan ɗaya. Kaurin ake ninkawa da kansa sau huɗu. Ta kamfani a bayan wannan motar milimita 15 ce, ta gaba 18. To 15 × 15 × 15 × 15 ya ba ka 50,625. Mai 16 ta ba ka 65,536, wato ta fi ta kamfani tauri da kusan kashi 30 cikin 100. Mai 18 kuwa 104,976 ce, ninki biyu da ɗan ɗoriya na ta kamfani. Ka ga milimita biyun da ka raina sun kai ka wata duniya dabam. 

Abu Walid, idan gaban motar zai zauna yadda yake, 16 ita ce iyaka, kuma a ramin da ya fi laushi za a fara.

Abu Walid, Jidda:
Allah ya saka da alheri Usta. Amma ni na ɗauka duk yadda sanda ta ƙara tauri, mota za ta rage karkata, ta ƙara riƙe kwalta. Ba haka ba ne?

Injiniya Takari, Riyad:
Rabin maganar daidai ne. Karkata za ta ragu. Riƙon kwalta na motar gaba ɗaya kuwa ba daga sanda yake zuwa ba, kuma nan ne mutane da yawa suke ɓata kuɗinsu.

Idan mota ta shiga kwana, wani kaso na nauyinta yana tashi daga tayoyin ciki ya koma kan na waje. Abubuwa huɗu ne ke yanke yawan wannan nauyin: nauyin motar, ƙarfin kwanar, tsayin cibiyar nauyi daga ƙasa, da faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama. A 86 nauyi wajen kilo 1,250 ne, cibiyar nauyi milimita 460 daga ƙasa kamar yadda Toyota ta bayar, faɗi kuma mita ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya. A kwanar da ke tura ka gefe da kashi 8 cikin 10 na nauyinka, wajen kilo 300 ne ke ƙaura zuwa waje. Ka sa sandar da ta kai kaurin taɓarya, kilo 300 ɗin nan suna nan.

Abin da sanda ke iya yi shi ne ta zaɓi wanda zai ɗauki kaso mafi yawa, gaba ko baya. Ɓangaren da ya fi tauri shi ke kwasar mafi yawa. Ita kuma taya tana da wata ɗabi'a: in ka ninka nauyin da ke kanta, riƙonta yana ƙaruwa amma ba ya ninkuwa. Saboda haka tayoyi biyu masu ɗauke da 300 da 300 sun fi riƙo a kan masu ɗauke da 450 da 150, duk da jimlar ɗaya ce. To in ka taurara baya, tayoyin baya sun ƙara rashin daidaito, riƙonsu ya ragu, na gaba sun sami sauƙi, riƙonsu ya ƙaru. Hanci ya daina turawa. Amma daga aljihun baya aka ciro aka biya gaba, kuma wannan mota da ƙafar baya take tura kanta.

Ɗan Rusaifa:
Injiniya, to in haka ne me ya sa duk wanda ya sa yake cewa motar ta gyaru?

Injiniya Takari, Riyad:
Saboda tana amsa sitiyari da wuri, jiki bai jira ya gama kishingiɗa ba kafin ta juya. Hannu yana jin wannan nan take, a gudun 40 ma. Akwai kuma ɗan riba ta gaskiya: in karkata ta ragu, tayar gaba ta waje ba ta kwantawa a kan kafaɗarta sosai. Abin da hannu ba ya ji shi ne tazarar da ta rage tsakaninka da lokacin da baya zai kwashe. Wannan sai ranar da aka ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, ko aka taka birki saboda wani ya faɗo gabanka a dawwar, wato shataletale.

Baba Mai Mizani, Madina:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ni ban yarda a fara da sanda ba sam, ko 16 ko 18. Yaro na, kafin ka sayi komai amsa mini uku.

Tayoyin nan shekararsu nawa? Duba gefen taya inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe. In ka ga 2319, mako na 23 ne na shekarar 2019. A zafin ƙasar nan roba tana bushewa tun zanen bai cinye ba, sai ka ga taya kamar sabuwa amma ta yi tauri kamar robar bokiti. Kuma tayar da motar ta zo da ita daga kamfani, Michelin Primacy HP, da gangan aka zaɓe ta mai ƙarancin riƙo. Tayar tafiya ce, ba ta kwana ba.

Iska nawa ke ciki? Kamfani ya ce 35 na ma'aunin psi, taya tana a sanyi. Mai banshar, wato mai faci, zai cika maka da tsakar rana bayan ka yi tafiya, ko ya zuba 40 don ya ga ta yi fam. A auna da asuba kafin mota ta motsa. Duk ƙarin zafi na digiri 5 zuwa 6 yana ƙara kusan ɗaya a ma'auni.

Na uku, yaushe aka hau mizani, wato injin saita tsayuwar tayoyi? Gaban wannan mota daga kamfani tayoyin a tsaye suke cak, kamba, wato karkatar taya zuwa ciki ko waje, kusan sifili, kuma ƙafar gaban irin MacPherson ce, wadda ba ta ƙara kamba sosai idan mota ta karkata. Shi ya sa tayar waje take hawa kafaɗa, hanci ya tura. Duba kafaɗar tayoyin gaba ta waje, na tabbata ta fi ta ciki cinyewa. Kusoshin kamba guda biyu, ɗaya kowane gefe, za su ba ka tsakanin digiri ɗaya zuwa ɗaya da rabi zuwa ciki. Wannan ƙara wa gaba riƙo ne ba tare da an taɓa na baya ba. Ciwon a gaba yake, don me za a fara da ɗaure ƙafar baya?

Usta Mai Sifana, Sana'iyya:
Baba, maganarka dutse. Tsarin da ya kamata ke nan: taya, iska, mizani da kamba, sannan sanda in har yanzu akwai saura. Inda na ɗan saɓa da kai shi ne, bayan an sa tayoyi masu riƙo, motar za ta ƙara karkata fiye da da, tunda yanzu tana iya shiga kwana da ƙarfi. A nan 16 a rami mai laushi tana da amfani. Ba haramun ba ce, lokacinta ne dai ba a farko ba.

Baba Mai Mizani, Madina:
In an kai nan, ni gaba da baya zan taurara tare, don rabon da kamfani ya yi ya zauna kusa da yadda yake. Mai 18 a baya ba ta da gurbi sai an kai ta gaba 20 ko 22. Su ma masu ƙera su ai shi ya sa suke sayar da su biyu a kwali ɗaya.

Ummu Hanan, Dammam:
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma shi ne babban dalilin da ya sa 18 ba ta dace da wannan motar ita kaɗai ba: difrans, wato giyar da ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin baya biyu. Na 86 irin Torsen ne, mai aiki da haƙoran giya. Yana iya tura wa tayar da ke da riƙo ninki na abin da ɗayar take iya riƙewa, amma ninki ne na wani abu. In tayar ciki ta yi sakayau har ta kusa barin ƙasa, abin da take riƙewa ya kusa sifili, ninkinsa ma ya kusa sifili. Sai ta riƙa juyawa a banza, mota ta ƙi fita daga kwana, fitilar VSC, na'urar hana mota zamewa, ta riƙa ƙiftawa, kwamfuta ta yanke wuta. Sanda mai tauri a baya kuwa aikinta ke nan, tana ɗage tayar ciki. Za a fi ganin haka a ƙaramar kwana mai hawa, ko wajen shiga wuri mai tudu a karkace.

Masu difrans mai faifan kulochi ba su cika damuwa da wannan ba, don nasu yana da ɗan riƙo ko taya tana sama.

Abu Walid, Jidda:
Hajiya na gode, wannan ban taɓa ji ba. Baba, na duba, tayoyin 2020 ne, kuma kafaɗar waje ta gaba ta fi cinyewa kamar yadda ka faɗa. To za a bi tsarin. Amma tunda 16 ɗin za ta zo daga baya, Usta a yi mana bayanin ɗaurawa tun yanzu.

Usta Mai Sifana, Sana'iyya:
Tayyib. Aikin awa ɗaya ne zuwa biyu, kuma ana yi a gida in akwai daɓe mai kyau wanda ya miƙe.

Kayan aiki: soket da sifana 12 da 14, makullin alanki 5, sifanar auna ɗauri, man sassauta tsatsa, giris ɗin da ya zo da bushin (robar da sandar ke zama a cikinta), da ma'aunin kauri. A Jidda kar a raina man tsatsan nan. Iskar teku tana cin zaren linkej, wato ɗan ƙarfen da ke haɗa hannun sanda da ƙafar mota, a fesa tun dare.

Abu na farko, tayoyin baya biyu su kasance a hali ɗaya. Ko duka a sama bisa jakunan tsayawa, ko duka a kan gangarar ɗora mota da nauyin mota a kansu. In ka ɗaga gefe ɗaya kawai, sandar tana murɗe, notin ba zai fito da daɗi ba, in ya fito kuma hannun sandar zai iya bugun yatsa. Gangara ta fi, don a kanta za a yi ɗaurin ƙarshe. A sa giya, a ja birkin hannu, a tokare tayoyin gaba. Kar kowa ya shiga ƙarƙashin mota da jak ɗin canza taya kaɗai, kuma a bar salansa ta huce.

Ɗauki hoton tsohuwar kafin ka taɓa ta. Sandar tana iya shiga a kife bisa kuskure, kuma ba za ka gane ba sai ta fara gogar wani abu.

Kwance notin da ya haɗa linkej da hannun sanda, hagu da dama. Ƙusar tana juyawa tare da noti, shi ya sa aka yi mata rami a kai: alanki ya riƙe, sifana ta juya. A share ramin da kyau, alanki ya shiga har ƙasa, in ba haka ba zai cinye, daga nan sai yanka. Sannan kwance maɗaurai biyu da suka riƙe sandar a jikin ƙaramin shasin baya. Zare ta ta gefe, ana juya ta a hankali ta wuce salansa. Wani lokaci sai an saki robar da ta rataye salansa an ɗan sauke ta.

Ajiye tsohuwa da sabuwa a ƙasa, ɗaya kan ɗaya, ka tabbatar lanƙwasarsu ta zo daidai. Auna sabuwar a inda ta miƙe, ba a kan lanƙwasa ba, kuma ka tuna fenti yana ƙara ɗan kauri. Bushin dole ya zama na 16. Na kamfani ramin 15 gare shi, in ka tilasta shi zai shaƙe sandar ta kasa juyawa.

Shafa giris a cikin bushin sosai, sa shi a sanda, ɗora maɗauri, kama kusoshin da hannu kawai. Daidaita sandar a tsakiya: auna daga ƙarshen kowane hannu zuwa wuri iri ɗaya a shasi, hagu da dama su zo ɗaya. Kafin ka haɗa linkej, kama hannun sandar ka ɗaga ka sauke. Ya kamata ta juya da ƙarfin hannu ɗaya, ba tare da ta maƙale ba. In sai ka sa ƙarfi biyu, maɗaurin ya matse bushin fiye da kima, kuma wannan taurin ƙarya ne da zai sa baya ya riƙa tsalle.

Daga nan linkej, a ramin da ya fi nisa daga jikin sandar, wato na can ƙarshen hannu. Shi ne mai laushi. Sai ɗaurin ƙarshe, mota tana zaune a kan tayoyinta, da sifanar auna ɗauri bisa adadin da ke littafin gyaran motar ko takardar da ta zo da sandar. Kusoshin maɗaurin ƙanana ne, irin masu zaren milimita 8 da ba sa son wuce wajen 25 zuwa 30 na ma'aunin Nm. Bindigar iska tana tsinke su ko ta cinye zaren cikin shasi. In an cire taya, notin wili 120 Nm ne.

Bayan kilomita 100 zuwa 200 a koma a sake bin duk notocin.

Ɗan Rusaifa:
Usta, ramin ƙarshe ne mai laushi? Ni a tunanina na ƙarshe shi ne mai ƙarfi.

Usta Mai Sifana, Sana'iyya:
Ɗauki sifana doguwa da gajera ka kwance noti ɗaya. Wacce ta fi sauƙi? Doguwa. Haka ƙafar mota take ji. Dogon hannu yana murɗa sanda cikin sauƙi, gajere yana shan wuya. Kuma shi ma ba ɗaya bayan ɗaya yake tafiya ba: in hannun ya ragu da kashi 10 cikin 100, taurin yana ƙaruwa da wajen kashi 20 ko fiye. To ka haɗa wannan da kashi 30 ɗin can, ka ga 16 a ramin ciki ta riga ta kama hanyar 18.

Injiniya Takari, Riyad:
Ƙari kan wannan: ba laifi ba ne a sa hagu a rami mai laushi, dama a na tsakiya. Sandar guda ɗaya ce, jimlar hannayen biyu take ji, sai ka sami rabin mataki. Sharaɗin kawai kar hakan ya sa ta zauna a murɗe.

Wannan murɗewar ita ce kuskuren da ya fi yawa, kuma ba ta da ƙara balle a ji. In mota tana tsaye a daɓe mai kyau amma sai an danne hannun sanda da ƙarfi kafin ƙusar linkej ta shiga, to an ɗora wa taya ɗaya nauyi an rage wa ɗaya tun ba a motsa ba. Alamarta: motar tana son kwanar hagu tana ƙin ta dama, ko akasin haka. Maganinta linkej mai zare da ake ƙara wa tsawo. A ɗaure gefe ɗaya, a zaunar da mai nauyin direba a kujera, tanki rabi, a juya ɗaya linkej ɗin har ƙusarsa ta shige rami da yatsa biyu. Sai a kulle notocinsa.

Ga wanda ya sauke motarsa da gajeren sifirin, wannan linkej ɗin wajibi ne. Ana son hannun sanda ya kwanta kusan daidai da ƙasa, linkej ya tsaya a kansa kamar kusurwar bango. In ya karkace sosai, ƙwallon kansa yana kaiwa ƙarshen juyawarsa ya karye, ko hannun sanda ya taɓa robar shaf.

Mai Golf, Makka:
Ku ba ni aron zauren kaɗan. Duk wannan tsoron na baya ya shafi mai jan gaba? Golf GTI ce.

Ummu Hanan, Dammam:
Naka lissafin dabam ne. Tayoyin gabanka su ke ja, su ke juyawa, su ke ɗauke da kusan kashi 60 na nauyi. Na baya rakiya suke yi. In sanda mai tauri ta ɗage tayar baya ta ciki, ba ka rasa komai na tura mota ba, kuma tayar gaba ta ciki ta ƙara zama a ƙasa. Shi ya sa a masu jan gaba sandar baya ita ce gyaran da ya fi biyan kuɗinsa. Amma ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana zai fi juyo maka da baya fiye da yadda ka saba, wannan bai bar ka ba. Mataki ɗaya sama da ta kamfani ya isa.

Ɗan Rusaifa:
Na ga wata an rubuta 19 amma mai rami a ciki kamar bututu, kuma ba ta da nauyi. Wannan fa? Ta fi 18 ke nan?

Injiniya Takari, Riyad:
Sai ka san kaurin bangonta. Lissafin waje ake yi a cire na ramin. In bangon milimita 3 ne, ramin 13 ke nan: 130,321 a cire 28,561, saura 101,760. Daidai take da cikakkiya mai 17.9. Tsakiyar sanda ba ya wani aiki wajen murɗawa, fatar waje ke ɗaukar wahalar, shi ya sa bututu yake ba da kusan taurin da rabin nauyi da ɗoriya. In mai sayarwa bai san kaurin bango ba, ba ka san abin da kake saya ba.

Baba Mai Mizani, Madina:
Tunda an zo maganar saye, a kula da na tashlih, inda ake kwance tsofaffin motoci, da na Haraj, kasuwar kayan hannu. Sandar da ta fito daga motar da aka buga ta baya tana iya zama a murɗe kaɗan, ido ba ya gani. A kwantar da ita a daɓe, hannayen biyu su taɓa ƙasa tare. In ɗaya ya ɗaga, a bar ta. Kuma ƙarfen sifirin ne da aka gasa aka tsoma, don haka ba a miƙe shi da wuta, ba a yi masa walda, ba a huda sabon rami kusa da baki. Duk inda wuta ta taɓa ya mutu, nan zai karye. Masu arha marasa suna kuwa, wasu ƙarfen gini ne da jan fenti. Ta murɗe sau ɗaya a babban madab, wato tudun rage gudu, ba ta dawowa.

Sannan shoka. Motar 2017 in ba a taɓa canza na baya ba, a duba ko suna tsiyayar mai. Sanda tana yanke iya karkatar da mota za ta yi, shoka ke yanke saurin da za ta kai can. Gajiyayyar shoka da sanda mai tauri, nauyi zai faɗa wa tayar waje lokaci ɗaya, baya ya fizge ba sallama.

Abu Walid, Jidda:
Mazbut Baba, za a duba su ranar mizani. Wani abu kuma, ana cewa bushin ɗin roba mai tauri yana kuka. Gaskiya ne?

Usta Mai Sifana, Sana'iyya:
Gaskiya ne, kuma ƙasarmu ta fi ko'ina. Na kamfani roba ce mai laushi da ke lanƙwasa tare da sanda. Na foliyuritan ba ya lanƙwasa, sandar ce ke juyawa a cikinsa, don haka da giris yake rayuwa. Zafi ya narkar da giris, ƙura ta shiga ta gauraya da sauran, ya zama kamar sanfefa. Ya cinye fenti, danshin Jidda ya kama ƙarfen, tsatsa ta yi rami, kuma daga irin ramin nan tsagewa take farawa. Giris mai silikon ko mai teflon ake sawa, mai danƙo wanda ruwa ba ya wankewa. A buɗe a wanke a sake shafawa sau ɗaya a shekara, ko bayan guguwar ƙura mai ƙarfi in an fara jin ƙara. Mai wankin mota kuma kar ya saita bindigar ruwa a kansa.

Ku riƙe bambancin ƙarar. Ƙiiƙii a kan madab, bushin ya bushe. Ƙwas ƙwas a ƙananan ramuka, notin linkej ya saki ko ƙwallonsa ya mutu. Gum guda ɗaya a kwana, sandar ta zame gefe tana bugun wani abu, sai a sa mata zobban tsayarwa a jikin bushin ta ciki, a bar tazarar milimita biyu zuwa uku. Kan mutum yana kaɗawa hagu da dama in taya ɗaya ta hau tudu, wannan ba lalacewa ba ce, kuɗin taurin ne, don sanda ta ɗaure ƙafafun biyu wuri ɗaya. In duka biyun suka hau madab tare ba za ka ji bambanci ba, juyawa kawai take yi a bushin.

Ɗan Rusaifa:
Halas, in an gama sai a hau hanyar dutsen Hada a gwada.

Mai Kula da Zaure:
Ɗan Rusaifa, wannan ba za ta wuce a nan ba. Hanyar Hada hanyar jama'a ce, ga iyalai, ga hazo, ga birai a bakin titi, gefe kuma rami. Filin ajiye motoci ma kar a yi, don duk abin da ya yi kama da tafhit, wato wasan zamiya da mota, tararsa riyal 20,000 ce a karon farko da tsare mota kwana 15, na biyu 40,000, na uku 60,000. Mai iƙama kuma ya san abin bai tsaya a kuɗi ba. Akwai filaye masu izini irin Dirab a kudancin Riyad, a bi ranakun da suke buɗe wa jama'a.

Injiniya Takari, Riyad:
Kuma gwajin ba ya buƙatar gudu. A fili mai izini, da'ira mai nisan mita 30 daga tsakiya ta isa, a wajen gudun 55 tayar titi ta riga ta kusa iyakarta. Giya ta biyu, ƙafa a tsaye, a ƙara wuta kaɗan kaɗan. In sai an ƙara sitiyari don a zauna a layi, gaba ne ke gazawa. In sai an rage, baya ne. Sannan a ɗaga ƙafa a hankali a ji yadda baya ke yi: ya shigo da hanci cikin natsuwa, ko ya fizge. A yi hagu a yi dama, a nan murɗewar da na faɗa take bayyana. A yi wannan kafin a canza komai, a sake bayan taya da kamba, a sake bayan sanda. Abu ɗaya ake canzawa kowane zagaye, in ba haka ba ba za a san wanda ya yi aikin ba. VSC a bar shi a kunne a zagayen farko.

Ummu Hanan, Dammam:
A kuma tuna saitin da ya yi daɗi a busasshiyar kwalta ba shi ne na ranar ruwa ba. Nan wata da watanni ba a ga ɗigo ba, mai da ƙurar taya sun taru a titi, ruwan farko ya tayar da su. Wanda ya matsa zuwa ramin tsakiya don fili, ya mayar da shi na ƙarshe kafin sanyi ya shigo. Noti biyu ne, minti goma.

Abu Walid, Jidda:
Na fahimta. Taya huɗu da kusoshin kamba wannan watan, mizani, sannan 16 in hancin bai daina ba. Tambaya ta ƙarshe Baba: bayan sa sandar sai an sake hawa mizani?

Baba Mai Mizani, Madina:
A'a. Sanda da linkej ba sa riƙe kusurwar taya, in dai ba a kwance ƙusar maƙas, wato hannun da ke riƙe ƙafar taya, ko ta shasi ba. Kusoshin kamba ne ke buƙata, don da ka karkatar da taya bakinta ma ya motsa. Ka ce wa mai mizani ya fara saita kamba hagu da dama su zo ɗaya, sannan ya mayar da bakin tayoyin gaba sifili, na baya kuma su ɗan dubi ciki kaɗan yadda littafi ya ce. Ka karɓi takardar da injin ya buga, ta kafin da ta bayan, ka ɗora mana a nan mu gani. Tsohuwar sandar da bushin ɗinta kuma kar ka bar wa warsha, ɗaure su wuri ɗaya ka ajiye.